Baƙo da Mai Masauki: Yawon Buɗe Ido a Yankin Jega, Aliero da Maiyama

Yawon buɗe ido mai ɗorewa shi ne wanda baƙo zai zo ya kashe ƙwarƙwatar idonsa ya koma ba tare da ya lalata abin da ya kawo shi ba, kuma masu garin su ga amfanin zuwansa a aljihunsu. Taron da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2002 ya ɗora nauyin hakan a kan gwamnati da 'yan kasuwa da baƙon kansa, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2017 domin wannan batu. Abin da ake dubawa shi ne lafiyar muhalli, da inda kuɗin ke tsayawa, da mutuncin mutanen da aka zo gani.

A Jihar Kebbi, bikin kamun kifi na Argungu ne babban abin da ke jawo baƙi. Ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ƙarfin bikin yana cikin wata tsohuwar doka. Ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada tsawon shekara, Sarkin Ruwa ne mai tsaron wannan hani, kuma ranar da aka buɗe ruwan masunta ba sa shiga sai da homa da gora. Da za a bar kowa ya zuba raga a kowane lokaci, da tuni babu giwan ruwan da za a ɗora a sikeli. Kabawa sun riga masana na zamani gane cewa abin kallo yana buƙatar hutu.

Bikin ya kuma nuna haɗarin dogaro da taro guda. Ya tsaya na kusan shekara goma kafin a farfaɗo da shi a watan Maris na 2020, kuma a tsawon wannan lokaci masu masauki da masu abinci da masu sana'ar hannu da suka saba da cinikin 'yan kwanakin nan sun rasa shi.

Jega da Aliero da Maiyama suna kan hanyar waɗannan baƙi. Mai tasowa daga Kwantagora da Yawuri yana ratsa Koko da Maiyama, ya iso mahaɗar Jega, ya karkata zuwa Kalgo da Birnin Kebbi. Aliero kuma tana kan titin Jega zuwa Tambuwal da Sakkwato. Yawancin motocin ba sa tsayawa sai don shan mai ko sayen tsire. Kuɗin kwana da na abinci yana tafiya otal-otal na babban birni, abin da ke saura a bakin titi shi ne ledar ruwa da ƙura. Maiyama ta fi jin wannan, domin ba ta da mahaɗa irin ta Jega.

Amma yankin ba baƙon karɓar baƙi ba ne. Buhari ɗan Abdussalam ne ya kafa Jega a farkon ƙarni na 19, kuma ba da jimawa ba ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, zangon fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. A wancan tsari baƙo yana sauka hannun fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Ladan yana zama a garin, kuma akwai wanda za a tuhuma idan baƙo ya yi ɓarna ko aka cuce shi. A kusa da Jega ne kuma Gimbana take, garin Malam Abdussalam da Gobirawa suka kai wa hari a ƙarshen 1803, abin da ya gaggauta hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Mai zuwa ziyarar hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu zai iya haɗawa da wannan wuri in ya sami ɗan gari masanin tarihi da zai raka shi, a biya shi hakkinsa.

Aliero tana da baƙinta duk shekara. Akwai 'yan kasuwar albasa masu loda tireloli zuwa kudu, akwai ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, akwai kuma majinyatan da ake kawowa daga nesa wurin masu ɗorin garin. Girbin albasa yana faɗowa ne a rani, kusan lokacin da aka saba yin bikin Argungu. Wanda ya shiga fadama a lokacin zai ga yadda ake tuge albasa a shanya ta, a yanke ganyen, a jera ta cikin rudu na kara da ciyawa wanda iska ke ratsawa, a ajiye har farashi ya tashi. Wannan abin gani ne ga mutumin birni, kuma manomi zai iya sayar masa da buhu kai tsaye. Sai dai gona ba dandali ba ce: ayarin da ya shiga ba izini zai tattake fangali ya ɓata hanyar ruwa. Gidan mai ɗori ya fi wannan tsanani. Mutumin da ke kwance da karaya, an ɗaure masa ƙafa da karare, bai zo don a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook ba, kuma bai kamata a shigar da ɗakin jinya cikin jerin wuraren kallo ba sai da yardarsa.

Maƙwabta a Nijar sun gwada tsarin da ke bai wa ƙauye rabo. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda baƙi kan je kallon raƙuman dawa, dabbobin sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Aka kafa ƙungiyar 'yan rakiya daga mutanen yankin, aka riƙa tallafa wa ƙauyukan da dabbobin ke shiga gonakinsu, har adadin ya haura 600. Harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya kashe mutum takwas, ya tsayar da zuwan baƙi cak, 'yan rakiyar suka rasa abin yi.

Saboda haka baƙin da suka fi dacewa da yankin Jega su ne na cikin gida: ɗalibai, da masu ziyarar tarihi, da 'yan kasuwa, waɗanda ba sa yanke ƙafa da zarar labari ya canza. Abin da suke buƙata yana hannun ƙananan hukumomi da hakimai: bayan gida da ruwa a kasuwa da tasha, wurin zuba shara a mahaɗar Jega, rumfunan abinci masu tsabta a Maiyama, da rajistar 'yan rakiya 'yan gari masu sanannen farashi, tare da yarjejeniya da manoma kan lokacin da za a shiga fadama da yawan mutanen da za su shiga.