Ginshiƙan Jamhuriya Ta Farko Da Inda Suka Fara Tsagewa

Daga Wakilinmu Na Arewa, Kaduna

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Sabon Badun, Agege da Shagamu, yau zancenmu a kan tsarin da Nijeriya ta karɓi mulkin kai da shi ne ran 1 ga Oktoba, 1960. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, to bari mu duba ginin.

An kafa ƙasar bisa tarayyar jihohi uku, Arewa, Yamma da Gabas, Ikko kuwa ita ce hedkwata. Kowace jiha tana da tsarin mulkinta, da Firimiyanta, da majalisarta, har da wakilinta a London. Gwamnatin Tarayya aka bar wa soja, harkokin waje da buga kuɗi.

Akwai ginshiƙi guda da ya shafe ku kai tsaye. A 1957 Turawa suka naɗa kwamitin Willink don ya saurari koke-koken ƙananan ƙabilu. A rahotonsa na 1958 bai yarda a ƙara jihohi ba, sai ya ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Cikinsu har da 'yancin ɗan ƙasa ya je ya zauna duk inda ya ga dama. Wato mai fataucin goro a Shagamu da dillalin shanu a Agege doka ce ta zaunar da su, ba alfarmar kowa ba. Amma fa a takarda ke nan. Wanda talaka ke haɗuwa da shi kullum ɗan dokan En'e ne a Arewa, ko ɗan sandan ƙaramar hukuma a Yamma, su kuwa sau da yawa bakin jam'iyya mai mulki suke kallo. A tambayi tsofaffin 'yan NEPU, su suka san ɗacin abin.

Babbar tsagar tana wajen rabon kujeru. Cikin kujeru 312 na Majalisar Wakilai, 174 na Arewa ne, kowace babbar jam'iyya kuwa ƙarfinta a gidanta yake. A zaɓen 1959 babu wadda ta sami rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai, sai NPC ta haɗa kai da NCNC, Action Group ta koma hamayya. Sardauna, shugaban NPC, ya yi zamansa a Kaduna, mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da riƙe Firayim Minista a Ikko. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna inda iko yake.

Tun da yawan jama'a ke ba da kujera, ƙidaya ta zama fagen yaƙi. Aka soke ta 1962. Ta 1963 ta ba ƙasa mutum miliyan 55.6, Arewa 29.8, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ce atafau bai yarda ba.

A Yamma kuwa Awolowo da Akintola sun ɓata. A watan Mayu na 1962 aka ba hammata iska a majalisar Badun, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Majekodunmi ya riƙe jihar. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara 10, kuma aka yanki Jihar Yamma Ta Tsakiya daga Yamma, alhali Tibi a Arewa da mutanen Kalaba a Gabas an toshe kunne ga irin wannan buƙata tasu. Gaskiya dai ba a yi adalci a nan ba.

Daga nan sai gangara. Ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa zaɓen Disamba 1964, Shugaba Azikiwe ya yi kwanaki kafin ya kira Ɓalewa ya kafa gwamnati. Zaɓen Yamma na Oktoba 1965 ya ƙare da ƙone-ƙonen gidaje da motoci. Ran 15 ga Janairu, 1966, wasu hafsoshin soja suka kashe Ɓalewa, Sardauna, Akintola da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, kashegari ragowar ministoci suka miƙa mulki ga Janar Ironsi.