Ganin Cikin Fata Ba Tare da Yanka Ba

A shekarar 1889 wani likita ɗan ƙasar Ingila mai suna Jonathan Hutchinson ya bayyana wata larurar fata wadda ba kasafai ake ganinta ba. Daga baya aka raɗa mata suna anjiyoma safijinosum, daga kalmar Latin mai nufin rarrafe, saboda yadda take bazuwa sannu a hankali. Takan fito ne a matsayin ɗige-ɗige jajaye, ƙanana kamar tsinin allura, galibi a ƙafa ko cinya, kuma ta fi samun 'yan mata tun suna ƙuruciya. Ba ta ciwo, ba ta ƙaiƙayi, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba daji ba ce. Abin da ke faruwa shi ne 'yan siraran jijiyoyin jini da ke dab da saman fata sun buɗe fiye da kima.

To, in ba ta da illa, ina abin damuwa? Matsalar tana wajen gane ta. A ido, ɗige-ɗigen sun yi kama da jinin da ya tsiyaye daga jijiya ya kwanta a ƙarƙashin fata, wanda kan iya zama alamar cutar jini mai haɗari. Saboda haka sai a yi ta ɗibar jinin yarinya ana aunawa, daga ƙarshe a yanki ɗan tsokar fatarta a kai ɗakin bincike. Ga mai baƙar fata wannan yanka ba ƙaramin abu ba ne, domin yakan iya barin tabo mai kumburi wanda ya fi larurar muni.

Na'ura ta farko da ke rage wannan wahala ita ce damatoskof, wato madubin hannu mai fitila wanda ke ƙara girman abu kamar sau 10. Idan aka ɗora shi, sai a ga ɗige-ɗigen sun zama 'yan tafkuna jajaye masu siffar ƙwai, kowane da iyakarsa. Likitoci sukan kwatanta su da garken jajayen kifaye a cikin kududdufi.

Ta biyu kuwa ta fi ban mamaki. Madubin konfokal, wanda Marvin Minsky na Amurka ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1957, yana aika hasken leza mara zafi cikin fata, sa'an nan ya karɓi wanda ya dawo ta wata 'yar ƙaramar kafa. Kafar ba ta barin kowane haske ya wuce sai wanda ya fito daga zurfi guda, don haka ake samun hoton fata falle-falle, tamkar an yanyanka ta, alhali wuƙa ba ta taɓa ta ba. A 1995 masu bincike a birnin Boston suka wallafa hotunan fatar mutum mai rai da suka ɗauka da shi. A nan ana ganin jijiyoyin da suka buɗe, har da ƙwayoyin jini suna gudu a cikinsu, shaidar cewa jinin bai tsiyaye ba.

Sai dai hasken bai wuce zurfin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. An yi dace wannan larura a nan take zaune, amma wadda ta fi haka nutsewa dole sai an yanka. Har ila yau na'urar tana da tsadar gaske, shi ya sa damatoskof, da ke shiga aljihun riga, ya fi kusa da yawancin asibitoci.