Alƙalami Ko Guduma: Wanne Ya Fi Ciyar Da Mai Shi?

Gardama ce da ba ta ƙarewa tsakaninmu 'yan makaranta. Waɗansu suna cewa ilmin sana'a, watau irin su injiniya da safiyo da aikin asibiti da na gona, shi ne ilmi, tun da ya ke mai shi ba ya rasa abin sawa a baka. Waɗansu kuwa suna cewa harshe da tarihi da labarin ƙasa su ke gyara mutum. Iyaye kuma suna gida suna jiran su ga abin da karatun zai haifar. To, bari mu duba abin da ya faru a ƙasarmu, ko ma sami abin kamawa.

A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don a horar da malaman makaranta. Galibin abin da a ke koyarwa can Turanci ne da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. Ahmadu Bello ya fita a 1931, Abubakar Imam a 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, dukansu kuwa da alli suka fara. Da aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Abin da ya kai su nan shi ne iya magana da rubutu, da sanin halin jama'a. Amma mu lura, sun yi shekaru suna cin albashin malami kafin a san da su.

A can Kudu kuwa an buɗe Babbar Kwalejin Yaba a Ikko a 1934, inda a ke koyon aikin likita da injiniya da safiyo da gona. 'Yan Arewa kaɗan ƙwarai suka bi wannan hanya. Saboda haka da mulkin kai ya ƙarato, sai aka tarar muna da masu jawabi a majalisa, amma a reluwe da gidan waya da ma'aikatar ayyuka yawancin gwanayen Turawa ne da mutanen Kudu. Wannan rashi na cikin dalilan da suka sa aka kafa makarantar koyon sana'a a Kaduna a 1956, wadda ta zama Foliteknik a 1968, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962.

Daga nan za mu gane bambancin ilmin biyu. Mai sana'a ƙofarsa a bayyane ta ke: ran da ya gama an san aikinsa, an san ladansa, in ma Gwamnati ba ta ɗauke shi ba ya kafa rumfarsa. Amma na'urori suna sakewa, wanda ya tsaya kan abin da ya koya da ƙuruciya sai zamani ya wuce shi. Mai tarihi ko harshe ba wata ƙofa guda da aka rubuta sunansa a kanta, shi ya sa farkonsa ke da wuya. Sai ya ɗaura ilminsa ga wani aiki sananne, ko koyarwa, ko fassara, ko jarida, ko shari'a, sa'an nan ya ci amfaninsa. In ya yi haka amfanin yana daɗewa, gama iya bayani ba ya tsufa.

Saboda haka shawararmu ga junanmu ita ce, kowa ya zaɓi abin da Allah ya ba shi basira a kai, kada ya bi ɗoki ko tsoron zunɗe, sa'an nan ya ɗebi guzuri daga ɗaya gefen. Injiniyan da bai iya rubuta rahoton da za a fahimta ba, da wuya a ba shi shugabanci. Malamin tarihin da ke gudun lissafi kuwa ba za a danƙa masa baitulmali ba, ko na ƙungiyar ƙauye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƙasa kuwa tana bukatar mai gina gada da mai sasanta mutanen da ke ƙetare ta. Allah ya sa abin da mu ke koyo ya amfane mu, ya amfani jama'armu, amin.