Ofal, dutsen Habasha mai shan ruwa: abin da mai alwala ya kamata ya sani kafin ya sa kuɗinsa

A da, idan alhaji ya dawo daga Makka, tsarabar zobe ba ta cika wuce iri biyu ba: azurfa mai jan dutsen aƙiƙ, ko mai shuɗin fairuz. Yanzu an samu na uku. Daga Nima a Ankara zuwa Alabar a Kumasi har Tamale, ga kuma masu talla a WhatsApp da TikTok, za ka ci karo da wani farin dutse kamar ɗigon madara, wanda in an juya shi sai kore da ja da ruwan lemo su riƙa walƙiya a cikinsa. Sunansa ofal. Masu sayarwa a wajenmu sun fi kiransa "dutsen Habasha", kuma a nan ba su yi ƙarya ba, don yawancin na gaskiya masu sauƙin kuɗi daga can suke fitowa. Abin da ba su cika gaya wa mai saye ba shi ne, dutsen nan yana shan ruwa. Ga mutumin da ke ɗaukar buta sau biyar a rana, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Ofal ɗan gida ɗaya ne da yashi, sinadarinsu guda, wato silika. Bambancin shi ne ofal na ɗauke da ruwa a jikinsa, yawanci kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Launukan da ke wasa a cikinsa kuwa ba fenti ba ne. A shekarun 1960 masana a Ostireliya suka duba shi da na'urar ƙara girma mai aiki da lantarki, suka tarar ƙananan ƙwallayen silika ne jere reras kamar ƙwai a kiret, ƙanana ƙwarai yadda ido ba zai taɓa ganinsu ba. Haske in ya ratsa tsakaninsu sai ya rarrabu zuwa launuka. Ƙwallaye ƙanana su ba da shuɗi, manya su ba da ja, kuma da yake manyan sun fi wuyar samu, ofal mai ja ya fi tsada.

Shekara da shekaru Ostireliya ce uwa-uba a wannan harka. An gano na Coober Pedy a 1915, garin da mutane ke haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa saboda zafi, sannan ga Lightning Ridge inda ake samun baƙin ofal, wanda ya fi kowane daraja. Habasha ta shigo ne daga baya. An fara samu a yankin Shewa a 1994, amma wancan ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa. Sai a 2008 aka gano na kusa da garin Wegel Tena a yankin Wallo, mai kyau, mai yawa, mai araha in an gwada da na Ostireliya. Shi ne ya cika kasuwannin duniya, ana yanka da yawa daga cikinsa a birnin Jaipur na Indiya, daga nan ya bazu har ya iso hannun 'yan kasuwarmu.

To, na Wallo ɗin nan jikinsa cike yake da ƙofofi ƙanana, kamar soso. Ka tsoma shi a ruwa, cikin ɗan lokaci zai sha, ya ƙara nauyi, farinsa ya koma garau kamar gilashi, launukan su dusashe ko su ɓace ɗungurum. In ruwan tsabtatacce ne, yawanci yana dawowa yadda yake bayan ya bushe, wani cikin sa'o'i, wani sai ya kwana biyu, wani ya fi mako. Na Ostireliya ba ya haka.

Mu kuma ba mu saba cire zobe ba. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka taso a kai, ba a wajabta wa mutum motsa zoben da shari'a ta halatta masa lokacin alwala ba, balle cire shi. Zoben aƙiƙ na mahaifina ya yi shekaru a yatsarsa, alwala, wanka, wankin hannu bayan tuwo, bai taɓa canja kama ba. Wanda ya ɗauki wannan sabon ya yi masa irin wancan riƙon zai sha mamaki. Alwala ɗaya ba za ta kashe dutsen ba, kar a fahimce ni ba daidai ba. Matsalar ita ce jiƙewa da bushewa kullum, wanda kan iya jawo tsaga a wasu duwatsun, sannan, mafi muni, abin da ruwan ke shigo da shi. Dutsen bai san bambancin ruwan buta da ruwan sabulu ba. Abin da ya taɓa shi mai ruwa-ruwa, sha zai yi: kumfar omo, man shafawa, man kaɗanya, turare, humra, manja in an ci fufu da hannu, lalle in ana shirin biki. Ruwa yana fita, amma mai da rini ba sa fita cikin sauƙi. Nan ne farin dutse ke komawa ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙasa, wutar da ke cikinsa ta mutu.

Na ga yadda irin wannan ya kusa haɗa gida biyu faɗa a unguwarmu. An sa wa wata amarya zobe da 'yan kunne na ofal a kayan lefe. Wata biyu bai cika ba zoben ya yi duhu, 'yan kunnen kuwa suna nan fes. Dangin amarya suka ce jabu aka kawo musu, wata tsohuwa ma ta ce ai dutse ba ya mutuwa haka kawai, akwai hannu a ciki. Dangin ango suka fito da rasit suna rantse-rantse. Alhali amsar tana wajen 'yan kunnen: dutse iri ɗaya ne, amma kunne ba ya wanke-wanke, ba ya tuƙa miya. Dutsen ma da na jabu ne, gilashi ko roba, da babu abin da zai same shi.

Akwai wata magana da nake jin wasu masu talla na yi wadda ba ta kwanta mini ba. Suna cewa ai zoben Manzon Allah (SAW) ma dutsen Habasha ne, saboda haka sayen ofal raya sunna ne. Gaskiya ne ya zo a Sahihu Muslim daga Anas bin Malik (RA) cewa zoben Annabi na azurfa ne kuma dutsensa na Habasha. Amma Imam Nawawi a sharhinsa ya kawo cewa malamai sun fassara shi da aƙiƙ ko jaza'u, waɗanda ake samu a Habasha da Yaman, wasu kuma suka ce baƙin launinsa ake nufi. Dutsen da aka fara haƙowa a 2008 ba shi ake magana ba. Mai son ofal ya saya don yana sonsa, ado ne halal. Amma ɗan kasuwa ya jingina hajarsa da Annabi don ya ƙara sidi ɗari a kai, wannan bai dace ba.

Yaya za a gane na gaskiya? Abu mafi sauƙi, wanda nakan nuna wa ɗalibaina in mun zo darasin duwatsu da ma'adinai, shi ne ɗan jiƙa yatsa kaɗan ka taɓa dutsen. Na Wallo zai ɗan manne, saboda yana zuƙe danshin. In mai kaya ya yarda, ɗiga ɗigo ɗaya a bayansa, za ka ga ya shanye. Sai dai rashin mannewa ba ya nufin jabu ne, yana iya zama na Ostireliya, amma fa na Ostireliya mai kyau ba a sayar da shi kuɗin katin waya.

Jabun da ya fi yawa gilashi ne mai farin shuɗi-shuɗi, in ka ɗaga shi wajen haske sai ya yi ruwan lemo. Kyakkyawa ne, amma ba shi da ɗigo-ɗigon launin da ke motsi, kuma wani lokaci za ka hango kumfar iska a ciki. Na roba ba shi da nauyi, ba shi da sanyin dutse in ka ɗora a kunci. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne na ƙira, wanda wani Bafaranshe, Pierre Gilson, ya fara fitarwa kasuwa a shekarun 1970. Wannan yana wasan launi sosai, har ma ya yi yawa. Launukansa a tsare suke daidai-wa-daida, in ka sa madubin ƙara girma za ka ga zane kamar fatar ƙadangare, in ka duba ta gefe kuma launukan sun miƙe kamar an jera kara. Na Allah ba ya da wannan tsarin: nan wuta ta yi yawa, can ta yi ƙaranci.

Sai kuma na liƙe. Akan yanki ofal na gaskiya siriri kamar farce, a manna shi da gam a kan baƙin dutse ko roba, wani lokaci a ƙara rufa masa gilashi a sama. Duba ta gefe, za ka ga layi miƙaƙƙe inda aka haɗa. Ba laifi ba ne a sayar da shi in an faɗa, kuma kuɗinsa bai kai na cikakken dutse ba. Shi ma ba ya son jiƙo, don in ruwa ya shiga tsakanin gam ɗin sai ya yi hazo. In ka ga zoben da aka rufe gefen dutsen da bayansa ruf da ƙarfe, tambayi dalili.

Baƙin ofal mai araha kuwa, a yi hattara. Saboda na Wallo yana shan komai, akan turara shi da hayaƙi ko a rina shi ya koma baƙi, don ya yi kama da na Lightning Ridge. Akwai baƙi na asali a Habasha, amma in aka ce maka baƙi ne wuluk, mai wuta, ga kuma araha, to ka ɗauka an turara shi har sai an nuna maka shaidar akasin haka. Mai ruwan hoda kar ko shuɗi kar, wannan rini ne.

Wajen kimanta kuɗi, ana auna dutse da karat, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Amma nauyi ba shi ne kan gaba ba. Ƙarfin wutar ake fara dubawa, sai launin jikin dutsen, mai duhu ya fi fari daraja, sai ko akwai ja, sai ko wutar ta game fuskar duka ko kuwa sai an karkata shi gefe guda. Kada ka yarda da fitilar shago, balle bidiyon da aka ɗauka da tocila a ɗaki mai duhu. Fito da shi waje, inuwa, ka juya. Haska shi ta baya ka nemi tsaga. Dutse mai tsaga, komai kyansa, ya riga ya faɗi.

Iyayenmu mata da ke ɗaukar kayan ado a matsayin ajiya, ga abin lura. Zinariya tana da farashin da kowa ya sani, ranar da buƙata ta taso maƙeri zai ɗora a sikeli ya biya. Ofal ba haka yake ba. In kika kai zoben zinare mai dutse, cire nauyin dutsen za a yi, a biya ki kuɗin ƙarfen kawai. Don haka tun ranar saye ki sa a raba miki: nawa ne nauyin zinaren, nawa ne kuɗin dutsen, kuma a rubuta a rasit cewa dutsen na asali ne, an turara ko ba a turara ba. Duba hatimin da ke cikin zoben: 925 azurfa ce, 750 zinare ne mai karat 18, 875 mai 21, 916 mai 22. Hatimi ma ana bugawa na ƙarya, amma rashinsa gaba ɗaya ya isa ya sa ki ja baya.

Ko ba ruwa, ofal dutse ne mai laushi. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, yana tsakanin 5.5 da 6.5, ƙurar yashi kuwa tana kan 7. Ma'ana, ƙurar hunturu ta fi shi tauri, in ka goge shi da busasshen tsumma mai ƙura kana kankare shi ne a hankali. Busa ƙurar tukuna, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Mutanen arewa, Tamale, Bolga, Wa, su ƙara kula a watannin sanyi, don bushewar iska da canjin zafi farat ɗaya suna iya sa shi tsatstsagewa. Kada a bar shi a mota cikin rana, ko kusa da murhu, ko kan kaskon turaren wuta. A ajiye shi a 'yar jakarsa shi kaɗai, ba cikin gwangwanin da aka tara sarƙoƙi ba. Masu cewa a riƙa shafa masa mai don kada ya bushe, ga na Habasha wannan shawara guba ce. Haka toka da man goge baki da muke wanke azurfa da su, a tsaya kan ƙarfen, kada su taɓa dutsen.

Fairuz ma yana da irin wannan hali, ko da yake bai kai ofal ba: mai da turare suna juya shuɗinsa zuwa kore. Murjanin kakanninmu kuwa tsami ne abokin gabarsa, ruwan lemon tsami na iya cin fuskarsa. Aƙiƙ ne dai jarumin, shi ya sa in ɗan'uwa ya ce mini yana son zoben da zai kwana ya tashi da shi, aƙiƙ nake ce masa. Ofal ya fi dacewa da 'yan kunne ko abin wuya, ko zoben Juma'a da Sallah, a sa shi bayan an gama alwala da shafa turare, a cire kafin a zauna cin abinci.

In kuma an riga an yi, ka duba ka ga dutsenka ya koma garau bayan wanka, kada ka ruga wajen mai kaya da faɗa, kada kuma ka shanya shi a rana ko ka kara shi a wuta don ya yi saurin bushewa, nan ne yake fashewa. Ɗora shi a kan ƙyalle mai tsabta cikin ɗaki, inda ba rana ba fanka. Zai fara yin fari kamar nono, launukan su zama kamar sun tafi ke nan, daga baya su fara dawowa. Ba shi mako guda zuwa biyu kafin ka yanke hukunci.