Mazarƙwaila Ba Ta Jiran Gobe

Da zarar sanyi ya kankama, rake ne ke cin kasuwarsa a bakin titunan Zariya. Ka taso daga Kwangila ka ratsa Hanwa, ko ka gangara Tudun Wada, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da baro shaƙe da rake, mai shi yana fere shi yana datsawa gaɓa-gaɓa. Wannan na sha ne. Akwai kuma raken da ba ya shigowa gari da ƙafarsa. A can bakin fadama ake matse shi, a dafe ruwan, ya iso kasuwa a daskare, ja-ja, da sunan mazarƙwaila. Ƙasar Makarfi da Kudan, arewa da Zariya, nan ne aka san masu wannan aiki, kuma daga can take yin hanyar Kano da sauran garuruwa.

Yanzu da sukari ya yi tsada, ba abin mamaki ba ne ka ji wani ma'aikaci da ya yi ritaya a Hanwa, ko matashi mai ɗan fegi a gefen kogin Galma, yana lissafin sayen ƙaramin injin matsa don ya gwada. Niyya ce mai kyau. Sai dai yawancin masu farawa injin suke kallo, alhali aikin yana cikin bokiti da wuta.

Rake tun daga sa'ar da adda ta sare shi yake fara lalacewa. Sukarin da ke cikinsa, wanda shi ne ke daskarewa bayan dahuwa, yakan riƙa rikiɗewa zuwa wani nau'in zaƙi da ba ya ƙanƙarewa. Idan aka matse kuwa, abin ya fi sauri: ruwan da ya zauna 'yan awoyi a rana zai soma tsami, ya yi kumfa, ƙudaje da zuma su yi masa rubdugu. Wanda ya sare raken kwana uku a rana ɗaya don ya huta da zirga-zirga, zai dafa har itacensa ya ƙare, abin da zai samu ruwa ne mai danƙo da ya ƙi zama curi. Shi ya sa tsofaffin hannu kan fara da tambayar girman tukunya kafin girman gona. In yaro ya zaƙe da sara, za ka ji an ce masa, "Kai ɗana, sari daidai wutarka."

Haka zancen bokiti yake. Wanda aka tara ruwan jiya a ciki ba a wanke ba, shi zai tsamar da na yau. A wanke da ruwan zafi, a kife a rana, a ɗaura tsumma mai tsabta a baki don tace ɓawo da yashi, a rufe. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta da wurin zama a nan, komai wankin da aka yi mata.

Masu yin sukarin gida a ƙasashen ƙanƙara ma da wannan matsala suke fama, duk da cewa su daga jikin itace suke tatsa. A Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai bishiyar mapul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada. A ƙarshen hunturu, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da dare ke daskarar da ruwa rana kuma ta narkar, sai su huda gindinta, su cusa ɗan bututu, su rataya bokiti mai murfi, ruwa ya yi ta ɗiga. Lardin Kebek na Kanada kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na zumar mapul ta duniya. Amma zaƙin ruwan bai wuce kamar kashi 2 cikin ɗari ba, don haka sai an ƙone lita 40 kafin a samu lita ɗaya. Sabon shiga a can yakan huda bishiyoyi fiye da abin da murhunsa zai iya cinyewa, ruwan ya kwana ya gurɓace, a zubar. Mu namu ruwan raken ya ninka nasu zaƙi sau bakwai ko takwas, dahuwarmu ta fi gajarta, sai dai su suna da ƙanƙarar da za su binne bokiti a ciki. Mu ba mu da ita.

Matsar kanta ba ta da wani sirri. A da, doki ne ke kewaya yana jan doguwar sanda, sandar tana juya ƙarafan da ke murƙushe raken, har yanzu ma akan samu inda ake yin haka. Galibi dai injin mai ya karɓe aikin. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: mai tura rake ba ya sa riga mai faɗin hannu, ba ya kuma hira, don ƙarfen bai san rake da yatsa ba. Tuƙar da ta fito a shanya ta, ita ce makamashin gobe. Wanda ya iya tattalinta ba ya sayen itace da yawa.

A bakin wuta ake gane gwani. Ruwan yana fara zafi sai baƙar kumfa ta taso, ɗauke da datti, dole a yi ta kwashewa da ludayi har fuskar ruwan ta washe. A Indiya, inda suka fi kowa yin irin wannan sukari, sukan zuba yauƙin kuɓewa don ya tattaro dattin sama. Daga nan sai doguwar tafasa, wadda ke gundurar mai koyo har ya tafi shan iska. To a ƙarshenta ne komai ke faruwa cikin 'yan mintoci: kumfa ta koma ƙanana, launi ya yi ja, ƙamshi ya sauya, ƙarar tafasar ta yi nauyi. A ma'auni, zafin ya kai wajen digiri 118. Masu sana'ar ba sa buƙatar ma'auni. Sukan ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya dunƙule tsakanin yatsu, a sauke. Ka yi gaggawa ta ƙi daskarewa, ka yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Bayan an sauke a yi ta juyawa tana shan iska har ta yi kauri, sannan a zuba a ƙananan mazubai ta kama jikinta.

Masu saye sun fi son mai haske, kuma ni a ganina sun ɗan zalunci mai duhu. In dai ba ƙonewa ta yi ba, ita ta fi ɗanɗano a koko da kunu, ta fi kuma tsayawa a fura.

Lissafin riba kuwa a yi shi da idon basira. Kilo 100 na rake yakan ba da kamar kilo 10 ne, in matsar ta yi kyau, ga lada ga mai ga dako. Idan raken sha yana tsada a gari, wani lokaci sayar da shi a tsaye ya fi. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne rake ba ya ajiyuwa, yana kuma da nauyin ɗauka, ita kuwa mazarƙwaila tana shiga buhu. Najeriya ta kafa kamfanonin sukari a Bacita da Numan, ta kafa hukumar bunƙasa sukari a 1993, amma har yau mafi yawan sukarin da muke sha ɗanye ake shigo da shi daga Brazil a tace a Legas. Mazarƙwaila ce kaɗai sukarin da manomi ke yi da hannunsa ya kuma yanke mata farashi.

Ajiyarta ma tana da iyaka. Tana zuƙar danshi, da damina ta faɗi sai ta fara gumi, ta yi laushi, tururuwa su gano ta. Mai son ya riƙe ta har farashi ya tashi sai ya naɗe ta sosai, ya ɗora a kan katako nesa da bango da ƙasa. Wanda ɗakinsa ke yoyo ya fitar da kayansa kafin Mayu.