Murfin Wata Tukunya

Duk yaron da ya zauna ajin Turanci, a Kafur ne ko a Malumfashi, wuri guda yake tuntuɓe. An koya masa cewa walk in ya wuce sai ya koma walked, play ya koma played. Ya iso kan go ya ce goed, malam ya zaro ido ya ce went. To ina go, ina went? Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba.

Amsar tana ɗakin girki. In tukunyar uwargida ta fashe, tsingaron take zubarwa, murfin kuwa ta ɗauke ta ajiye a lungu. Ran da wata tukunyar ta rasa nata, sai ta jawo shi ta kifa. Bakinsa ya ɗan fi, amma miya ba ta fasa nuna ba. Kafin shekara biyu, yaran gidan sun rantse tare aka sayo su.

Went murfin wata tsohuwar tukunya ne mai suna wend. Turawan Ingila na shekaru dubu da suka wuce wendan suke cewa, wato a juya, a karkata, a kama hanya. Jamusawa har gobe suna da wenden. Yadda send yake ba da sent, haka wend yake ba da went. Shi kuwa go yana da nasa murfin, eode, wanda ya lalace ya koma yede. Wajen shekarar 1500 wannan ya fita daga bakin mutane, aka kifa wa go murfin maƙwabciya. Ita wend aka ƙera mata sabo, wended, aka tura ta ƙarƙashin gado, sai marubuta masu son tsohon yayi ke fito da ita.

Kada mu yi musu dariya, mu ma haka ɗakin girkinmu yake. Manomi ya ce "Za ni Funtuwa sayen taki", nan za tafiya ce da ƙafa. Ya ce "Zan shuka masara bana", ga za ɗin nan dai, amma ba inda ya nufa, lokaci mai zuwa kawai take rufewa. Masana Hausa irin su Paul Newman sun nuna asalinsu ɗaya.

Saboda haka in ɗalibi ya ce goed, a gyara masa ba tare da bulala ba. Ƙa'ida ya bi. Magabatan Turawa ne suka yi tsimi.