Batir da Waya a Fuskar Kwamfuta



Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji da alli a hannu, yana fama ya fahimtar da yara ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827, wato wutar da ke bin waya tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin batir, tana kuma raguwa gwargwadon turjiyar da ta tarar a hanya, ya san yaro yana iya haddace matanin nan tsaf, ya biya shi babu gyara, alhali bai taɓa ganin ƙwan fitila ya dushe a gabansa saboda shi ba.

Irin wannan cikas ne ya sa Carl Wieman, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, inda ɗalibi ke haɗa batir da waya da makunni a fuskar kwamfuta, kyauta. Amma wancan aikin gwanaye ne. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ita da 'yan'uwanta na ƙirƙirarriyar basira, sai ya zamana malamin da bai san rubutun manhaja ba ma yana iya neman a gina masa nasa, muddin ya iya bayani. Ya ce mata, misali, yana son shafi ɗaya wanda zai buɗe ko babu intanet, a ciki da batir mai bolt 9, da makunni, da ƙwai biyu, da wani ɗan maɓalli da yaro zai ja turjiya ta hau ko ta sauka, lissafin wutar yana bayyana a gefe. Idan bayani ya yi gwari-gwari, cikin 'yan mintuna ya ga abinsa. Idan ya yi dunƙule, dunƙulallen shirme zai karɓa.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Na'urar nan ba ta da isnadi, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure, ba ta ko jin kunya. Wajibi ne malami ya yi tahƙiƙi da alƙalaminsa: idan turjiyar da'irar duka om 3 ce, lalle wutar ta nuna amfiya 3; idan aka jera ƙwai biyu bi da bi a waya ɗaya, lalle haskensu ya ragu, idan kuwa kowanne aka ba shi reshensa, ya tsaya yadda yake. Shafin da ya saɓa wa wannan, a mayar mata ta gyara.

Malamai, kafin ku kai shafin aji ku gwada lissafin nan biyu, ku kuma riƙo batirin tocila da guntuwar waya a aljihu, yara su taɓa da hannunsu.